Teburin Tsakiya Ya Cancanci Suna: Sharhi Kan Alaƙar Jam'i da Jam'i a Rumbun Bayanai

Duk manhajar da ke riƙe da bayanan jama'a, ta makaranta ce ko ta asibiti ko ta kanti, abubuwa biyu take ajiyewa: su abubuwan da kansu, da kuma alaƙar da ke tsakaninsu. Wata alaƙar mai sauƙi ce. Sashe ɗaya na jami'a yana da malamai da yawa, amma kowane malami a sashe ɗaya yake, don haka ya isa a rubuta lambar sashen a gefen sunan malamin. Wannan ita ce alaƙar tilo da jam'i. Wadda ke ba masu rubuta manhaja wahala ita ce ta jam'i da jam'i, inda ɗalibi ɗaya ke ɗaukar kwasa-kwasai da yawa, kowane kwas kuma ɗalibai da yawa ne ke ɗaukarsa. Laburaren da ke haɗa manhaja da rumbun bayanai, waɗanda aka fi sani da ORM, kusan dukkansu suna ba mai rubutu gajeriyar hanya ta bayyana wannan alaƙa da layi ɗaya, su kuma su ƙirƙiri teburin da zai riƙe ta a ɓoye. Ra'ayina shi ne wannan gajeriyar hanya bai kamata ta zama abin da hannu ke fara kaiwa gare shi ba. A mafi yawan ayyuka na gaske, teburin da ke tsakiya ya cancanci a fito da shi fili tun ranar farko, a raɗa masa suna, a ba shi samfurinsa, a kuma yanke masa ƙa'idojinsa da gangan, domin sau da yawa a cikinsa ne bayanin da ya fi kowanne muhimmanci yake zaune.

Kafin a yi gardama a kan haka, ya kamata a san inda teburin ya samo asali. A shekarar 1970 Edgar Codd, masanin lissafi da ke aiki a kamfanin IBM a San Jose ta jihar Kalifoniya, ya wallafa maƙalar da ta kafa tsarin ajiye bayanai a tebura masu layuka da gurabe. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin tsarin shi ne kowane gurbi ya riƙe ƙima guda ɗaya tak. Ke nan ba za a cusa jerin kwasa-kwasai goma a gurbi ɗaya na layin ɗalibi ba, haka ma ba za a cusa sunayen ɗalibai ɗari uku a layin kwas ba. Mafita ita ce tebur na uku, wanda kowane layinsa ke ɗauke da lambar ɗalibi ɗaya da lambar kwas ɗaya. Bayan shekara shida, a 1976, Peter Chen ya gabatar da hanyarsa ta zana abubuwa da alaƙoƙinsu, kuma a cikinta ya nuna cewa ita kanta alaƙa tana iya samun siffofinta, kamar yadda abu yake da su. Wato tun kafin a haifi ko ɗaya daga cikin laburaren da ake amfani da su yau, masana sun riga sun gane cewa alaƙa tana iya ɗaukar kwanan wata, da adadi, da matsayi. Ɓoye teburin na uku sabon abu ne da ya zo daga baya, domin sauƙaƙa wa masu rubutu da harsunan da suka saba kallon alaƙa a matsayin jeri kawai, abu ɗaya yana riƙe da jerin wasu.

Kowane laburare yana da tasa hanyar ɓoyewa. A Django ana rubuta ManyToManyField, sai a sami tebur mai lambar layi da mabuɗai biyu, wato lambobin abubuwan biyu da aka haɗa, tare da sharaɗin cewa ba za a maimaita haɗin mabuɗan biyu ba. A Rails akwai has_and_belongs_to_many, wanda teburinsa ke ɗaukar sunayen teburan biyu bisa jerin haruffa, kuma bisa al'ada ba shi da lambar layi ta kansa. Hibernate, wanda Gavin King ya fara a 2001 domin harshen Java, yana da alamar ManyToMany. A SQLAlchemy na Michael Bayer ana nuna teburin da kalmar secondary. Prisma kuwa yana ƙirƙirar tebur mai gurabe biyu da ya sa wa suna A da B, kuma ba ya yarda a ƙara masa na uku. Sunayen sun bambanta, amma dukkansu sun ginu a kan zato uku da ba a faɗa wa mai rubutu da babbar murya. Na farko, alaƙar ba ta da wani bayani nata sai dai cewa tana nan. Na biyu, abubuwan biyu sau ɗaya kawai za su haɗu. Na uku, idan alaƙar ta ƙare, share layin ya wadatar, ba wanda zai sake tambaya a kanta. Duk wanda ya zaɓi gajeriyar hanya ya sa hannu a kan waɗannan ukun, ko ya karanta su ko bai karanta ba.

Mu auna su da rajistar kwasa-kwasai a jami'a, wadda ita ce misalin da ake fara koya wa kusan kowane ɗalibin kwamfuta. Abin da ofishin jarrabawa yake so ya sani ya wuce cewa wance ta ɗauki kwas kaza. Yana so ya san a wace shekarar karatu, a wane zango, nawa ta ci a gwajin cikin zango, nawa a jarrabawa, wane harafi aka ba ta. Makin nan ba zai zauna a layin ɗaliba ba, domin tana da maki daban a kowane kwas, ba kuma zai zauna a layin kwas ba, domin kowane ɗalibi da nasa. Wurinsa ɗaya ne, wato layin da ya haɗa su. Zato na farko ya faɗi ke nan. Sannan ɗalibar da ta faɗi kwas za ta sake ɗaukarsa a shekara mai zuwa, kuma dole sakamakon biyu su kasance a ajiye, domin lissafin matsakaicin makinta da takardar sakamakonta ta ƙarshe suna iya buƙatar duka biyun. Teburin da ya hana maimaita haɗin ɗalibi da kwas zai ƙi karɓar rajista ta biyu, ko kuma ya tilasta a goge ta farko. Zato na biyu ya bi sahu. Idan kuma ɗalibi ya janye daga kwas a mako na uku, makaranta tana so ta san ya janye ne, da ranar da ya janye, da wanda ya amince masa, saboda wata rana zai iya dawowa da ƙorafi cewa bai taɓa yin rajistar ba. Share layin yana shafe hujjar. Misalin da aka fi amfani da shi wajen koyar da gajeriyar hanya, shi ne kuma misalin da ya fi nuna gazawarta.

Haka lamarin yake a kasuwanci, kuma a nan kuskuren kuɗi yake ci kai tsaye. Tsakanin oda da kayan da aka saya akwai alaƙar jam'i da jam'i, amma layin da ya haɗa su dole ya ɗauki adadin da aka saya da farashin da aka sayar a ranar. Mai manhajar da ya dogara da farashin da ke teburin kaya zai wayi gari ya ga rasiɗin watan jiya ya canza da kansa, saboda an ƙara kuɗin buhun shinkafa a wannan makon. A inda farashi ke motsi kullum, wannan kuskure yana rikita lissafin riba, ya kuma haddasa musu tsakanin mai kanti da mai bashi. A asibiti, alaƙar majiyyaci da magani tana ɗauke da yawan ƙwayar da zai sha, da sau nawa a rana, da ranar farawa da ta dainawa, da likitan da ya rubuta. Abin lura a duk waɗannan shi ne masu sana'ar sun riga sun ba alaƙar suna tun kafin kwamfuta ta shigo ofishinsu. Magatakardan jami'a yana cewa rajista, mai kanti yana cewa ciniki, likita yana cewa takardar magani. Abin da mutane suka ga ya isa a kira shi da suna, suka ware masa fom da fayil, bai dace manhaja ta mayar da shi tebur marar suna da ba wanda ke gani ba.

Tarihin laburaren da kansu shaida ne mai ƙarfi. David Heinemeier Hansson ya fitar da Rails a 2004 da has_and_belongs_to_many, amma a 2006, a fitowa ta 1.1, aka ƙara has_many :through, wanda ke bi ta kan cikakken samfuri na tsakiya. Tsohuwar dabarar liƙa ƙarin bayani a ɓoyayyen tebur aka yi watsi da ita, kuma zuwa fitowa ta 4.1 a 2014 ita kanta gajeriyar hanyar an sake gina ta a kan has_many :through daga ciki. Django, wanda ya fito daga ɗakin labarai na wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas aka kuma sake shi ga jama'a a 2005, ya kawo zaɓin through a fitowarsa ta 1.0 a 2008. Takardun bayaninsa sun daɗe suna koyar da shi da misalin ƙungiyar mawaƙan Beatles, inda zaman mamba ke ɗauke da ranar shiga da dalilin gayyata, har ma suka nuna Ringo Starr da shiga biyu, ɗaya a 1962 ɗaya a 1968, domin a ga cewa mutum ɗaya da ƙungiya ɗaya suna iya haɗuwa fiye da sau ɗaya. SQLAlchemy ya ware babi guda ga samfurin tsakiya. Eloquent na Laravel ya samar da withPivot domin karanta ƙarin gurabe, da using domin a ba teburin samfurinsa. Sequelize ma yana sa mai rubutu ya faɗi sunan teburin da bakinsa. Idan masu gina kayan aiki daban-daban, a harsuna daban-daban, duk suka ga dole su buɗe ƙofa ɗaya, to buƙatar ba ta 'yan tsiraru ba ce.

Mai suka na farko zai kawo Entity Framework Core na Microsoft, wanda tafiyarsa ta bi akasin haka. Fitowarsa uku na farko sun tilasta wa kowa rubuta samfurin tsakiya da hannu, masu amfani suka yi ta kuka saboda tsohon Entity Framework bai sa su wannan wahala ba, har sai da aka dawo da gajeriyar hanya a fitowa ta 5.0 a watan Nuwamba na 2020. Zai kuma ƙara da cewa Django ya shafe fiye da shekara goma yana hana amfani da gajerun kiran add da set a alaƙar da ke da through, sai a fitowa ta 2.2 a 2019 ya sassauta. Ashe wannan bai nuna cewa mutane sauƙi suke nema ba? Gaskiya ne suna nema, kuma suna da haƙƙi. Amma a duba irin sauƙin da aka ba su. A Entity Framework Core an bar UsingEntity domin mai rubutu ya kawo nasa samfurin tsakiya, ya ƙara masa gurabe, kuma duk da haka ya riƙa tsallakawa daga ɗalibi zuwa kwasa-kwasansa kai tsaye. A Django an kawo through_defaults domin a cike guraben tsakiya yayin amfani da add. Duka biyun sun isa wuri ɗaya daga fuskoki biyu: tebur mai suna a ƙasa, gajeren kira a sama. Abin da mutane suka ƙi shi ne a sa su dogon rubutu a duk lokacin da suke son karanta jeri. Da zarar an raba sauƙin kira da ɓoye tebur, hujjar ɓoyewar ta rage ƙarfi ƙwarai.

Suka ta biyu ta fi nauyi, domin ta fito daga wata ƙa'ida mai kyau da masu rubuta manhaja suka yarda da ita, cewa kada a gina abin da ba a buƙata yau saboda tsoron gobe. A fara da gajeriyar hanya, in ji su, idan buƙata ta taso a canza. Ƙa'idar tana aiki ne inda canjin gobe bai fi na yau tsada sosai ba, kuma a nan ba haka abin yake ba. Tsarin sauya fasalin tebura na Django yana ƙin ƙara through a kan alaƙar da ta riga ta wanzu, sai an bi ta wata hanya ta musamman mai suna SeparateDatabaseAndState, ana lallaɓa tsohon tebur ya koma ƙarƙashin sabon samfuri ba tare da an zubar da abin da ke ciki ba. A Rails sai an ƙara wa teburin lambar layi, a kuma bi duk inda aka taɓa alaƙar a gyara. A Prisma sai an gina sabon tebur a kwashe bayanan A da B zuwa cikinsa. Duk wannan ana yinsa ne a kan rumbun da mutane ke amfani da shi, mai layuka dubbai ko miliyoyi. Ko da an yi aikin lami lafiya, akwai asarar da ba ta da magani: ranar da aka yi kowace rajista ta shekarun baya, da wanda ya yi ta, da waɗanda aka share, duk ba a taɓa rubuta su ba, kuma babu injiniyan da zai dawo da abin da ba a ajiye ba. Kuskure a rubutun manhaja ana gyara shi a fitar da sabuwa, amma bayanin da ya wuce ya wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma fasalin tebur ɗanye ne kawai kafin bayanan jama'a su fara shiga.

Suka ta uku ita ce samfurin tsakiya yana ƙara yawan rubutu, yana kuma iya rage sauri. Ƙarin rubutun gaskiya ne, amma bai wuce layuka kaɗan ba. Maganar sauri kuwa ba ta da tushe sosai, domin a wajen rumbun bayanai tebura uku ne ake haɗawa ko an ɓoye na tsakiya ko an bayyana shi. Hasali ma ɓoyewar ce ke iya jawo nauyin da ba a gani. Sanannen abu ne ga masu amfani da Hibernate cewa idan aka riƙe alaƙar jam'i da jam'i a List marar gurbin tsari, cire abu ɗaya yana sa laburaren ya goge duk layukan mai jerin a teburin tsakiya, sannan ya sake rubuta waɗanda suka rage ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke da samfurin tsakiya layi ɗaya zai nuna ya ce a goge. Haka kuma tambayoyi da yawa na yau da kullum, kamar yawan waɗanda suka yi rajistar kowane kwas a wannan zango, daga teburin tsakiya kaɗai ake amsa su, ba sai an taɓa sauran biyun ba, kuma wannan ya fi sauƙin rubutawa idan teburin yana da samfurin da za a tambaya kai tsaye.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa wanda ya karɓi teburin daga hannun laburare ya karɓi nauyin da laburaren ke ɗauke masa. Django yana sa sharaɗin hana maimaici a teburin da ya ƙirƙira da kansa, amma ba ya sa shi a wanda aka kawo ta through, don haka mai rubutu ne zai zauna ya yanke abin da ke sa layi ya zama na daban. A rajista, amsar ita ce ɗalibi da kwas da shekara da zango a haɗe, kuma a rumbun bayanan ya kamata a kafa sharaɗin, domin binciken da manhaja ke yi kafin rubutawa yana iya kuɓucewa idan buƙatu biyu suka iso a lokaci guda. Sequelize kuma akasin Django yake yi, yana kafa hana maimaici a kan mabuɗan biyu sai an ce masa kada ya yi. Dole a tabbatar akwai fihirisa da ke hidima ga bincike daga kowane ɓangare, saboda fihirisar da ta fara da lambar ɗalibi ba ta taimaka sosai ga mai neman duk ɗaliban kwas ɗaya. Dole a yanke abin da zai faru idan aka goge kwas: rajistarsa ta bi shi, ko a hana gogewar muddin akwai mai sakamako a ciki. Idan samfurin tsakiya yana nuni ga tebur ɗaya sau biyu, kamar mamba da wanda ya gayyato shi, sai a fayyace wa laburare mabuɗin da zai bi, wanda a Django aikin through_fields ne. Sannan a yi hattara da gajerun kira: remove na Django yana goge duk layukan da suka haɗa abubuwan biyu, SQLAlchemy kuma yana gargaɗi a kan rubutu ta hanyoyi biyu zuwa tebur ɗaya, shi ya sa ake mayar da ɗayar ta karatu kawai. Waɗannan duk shawarwari ne da dole wani ya yanke. Ɓoyayyen tebur ma yana yanke su, sai dai wanda ya yanke ɗin marubucin laburare ne da bai san makarantar ko kantin da ake yi wa aiki ba.

Wannan ba ya nufin gajeriyar hanya ba ta da gurbi. Alamomin da ake liƙa wa labari domin rarraba shi, ko launukan da wata riga ke samuwa a cikinsu, alaƙoƙi ne da da wuya wani ya tambayi tarihinsu, kuma a irinsu ɓoyayyen tebur ya wadatar. Abin da nake kira gare shi shi ne a juya nauyin hujja, ya zama gajeriyar hanya ce ke buƙatar dalili kafin a ɗauke ta. Gwajin kuwa ba shi da wuya. A tambayi mai aikin, ba mai rubuta manhaja ba: akwai ranar da za ka so sanin yaushe aka ƙulla wannan alaƙa, ko wa ya ƙulla ta, ko nawa ce, ko sau nawa ta faru, ko yaushe ta ƙare? Idan ya amsa da e ko da ga ɗaya, ko ya yi jim kafin ya ce a'a, a ba teburin suna. Ko alaƙar ma'aikaci da izinin da aka ba shi a manhaja, wadda laburare da yawa ke ajiyewa a ɓoyayyen tebur, tana faɗuwa wannan gwaji a duk ma'aikatar da ke riƙe da kuɗin mutane, domin tambayar farko ta mai binciken kuɗi ita ce wa ya ba wane ikon amincewa da biya, kuma tun yaushe.

Saboda haka gyaran ya kamata ya fara daga inda ake koyarwa. Malamin da ya nuna wa ɗalibansa layi ɗaya na ManyToManyField kafin ya sa su zana tebura ukun da hannu, su cike layuka, su ga abin da ke faruwa idan ɗalibi ya maimaita kwas, ya koya musu sunan umarni ne ba tare da abin da umarnin ke yi ba. Shugaban tawagar masu rubutu kuma ya kamata ya tsaya a kan kowace sabuwar alaƙar jam'i da jam'i lokacin duba aiki, ya nemi a gaya masa dalilin da ya sa ba ta da samfuri. Mutanen da bayanansu ke cikin waɗannan tebura ba za su taɓa ganin rubutun manhajar ba, amma su ne za su tsaya a gaban ofis suna neman sakamakon da aka goge ko rasiɗin da ya canza. Minti goma na tunani da layuka kaɗan na rubutu a ranar farko sun isa su hana hakan, kuma wannan farashi ne da kowane mai rubuta manhaja ya kamata ya biya.